Baba Nomau da Bakin Teburin Mahaifina

Baba Nomau Kafinta ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni. Na buɗe shago ke nan, na shimfiɗa yadi, alli na hannuna, sai waya ta yi ƙara. Hajo ce, ɗiyarshi, daga Sabon Birni. Ko sallama ba ta iya gamawa ba. Ta ce, "Lawali, Baba ya cika." Iyakar abin da na ji ke nan, sauran duk kuka ne.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kafin in samu mashin da za shi kai ni daga nan Isa, an riga an yi mashi sutura an kai shi makwanci. Ban samu jana'iza ba. Na zauna na kasa yanka ko ƙyalle guda. Shi ya sa na ɗauki waya ina wanga rubutu, don in ban faɗa maku ko wane ne wanga bawan Allah ba, ƙirjina ba za shi sake ni ba.

Da yawanku ba ku san shi ba. Ba shi Fesbuk, ko waya bai taɓa riƙewa ba. Tsoho ne dogo, siriri, mutumin wani ƙauye can yankin Kurawa. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kashe mashi hannun hagu, ƙafar hagu kuma jan ta yake yi. Gudun hijira ya kawo shi Isa, kamar yadda ya kawo mu.

Mu ƙauyenmu na wajen Turba. Mahaifina tela ne, a hannunshi na koya. Allah ya ɗauke shi tun kafin abubuwa su lalace, ya bar mani keken ɗinki da almakashi da teburin yanka. Teburin na maɗaci ne, ja, mai nauyi, ya girme ni. A bakinshi na gaba akwai 'yan tsage-tsage da mahaifina ya yi da wuƙa: nan kwata, nan rabin yadi, nan yadi guda. Bai cika ɗaukar tef ba, bakin tebur ne ma'auninshi.

Ranar da 'yan bindiga sunka shiga ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, munka san namu zaman ya ƙare. Munka loda amalanke, gero da keke da 'yan tabarmi. Na ce a bar tebur, ya yi nauyi. Inna, mahaifiyata, ta dafa shi ta ce in an bar shi, to a bar ta. Haka anka kifa shi bisa kaya anka ɗaure.

Wajen tsallake wani kwazazzabo amalanken ta karkace, igiya ta zame, tebur ya faɗo bisa dutse. Bakinshi na gaba ya ɓalle, kamar tsawon tafin hannu, daidai wurin tsagar rabin yadi. Babu wanda ya tsaya neman guntun. Ranar ba ranar waiwaye ba ce.

A Isa munka kama haya, na mai da zauren gidan shago. Inna kuwa tun da munka zo sai ta zama wata iri. Ba ta hira, ba ta shiga madafa, matata Saratu ke komai. Wani lokaci sai ta fito zaure ta zauna a lungu tana kallon wurin da ya ɓalle, ta tashi ta koma ciki.

Ni kuma ɓallin ya zame mani ciwon kai. Bakinshi duk tsini ne, shina kama yadi. Na liƙa salatif, ya ɗaye. Na sa kwali, ya zame. Sai cikin azumi, ɗinkin Sallah ya taru, wani Alhaji mai kai kaya Nijar ya kawo mani shadda mai tsada. Ina jawo ta in daidaita, na ji "ƙiiit". Zare ya fita, layi guda dogo a tsakar gaban riga. Kunyar da na sha gaban mutumin nan, Allah kaɗai ya sani.

A ranar na yanke shawara: za ni sa zarto in zubar da bakin nan gaba ɗaya, daga wanga gefe zuwa wancan, tebur shi koma sumul. Tsage-tsagen mahaifina za su tafi, amma ai ina da tef. Da na faɗa ma Inna, sai ta ce, "Naka ne yanzu." Ta juya fuska bango.

Aron zarto ya kai ni wurin Baba Nomau. Anka ce mani akwai wani tsohon kafinta da ke zama gindin dogonyaro kusa da masallacin unguwa, shina da kayan aiki cikin buhu amma ya daina aiki.

Na gaishe shi, na faɗi buƙatata.

Ya ce, "Mi za ka yanka?"

Na ce, "Bakin tebur, Baba."

Ya ce, "Mi ya yi maka?"

Na yi dariya na ba shi labari. Shi bai yi dariya ba. Ya ɗauki sanda ya ce, "Mu je in gani. Ba ni ba da zarto ga abin da ban gani ba."

Tafiyar da yaro ke yi da gudu cikin ƙiftawar ido, mun daɗe muna yin ta, ga rana, ga azumi. Da munka isa bai ko zauna ba. Ya jingine sanda, ya aza hannunshi na dama bisa teburin, ya bi bakin a hankali tun daga farko. Duk tsagar da ya iske sai ya tsaya. Da ya kai wurin ɓallin ya daɗe shina lalubawa da yatsa.

Ya ce, "Wa ya yi waɗanga tsagu?"

Inna ce ta amsa daga lungunta, ni ban ma lura ta fito ba. Ta ce, "Maigidana."

Ya juya ya gaishe ta, ya yi ma mamacin addu'a. Sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, ba za ni ba ka zarto ba. Ka jira ni gobe."

Washegari da hantsi sai ga shi, buhu a kafaɗa, ya ciro wani guntun katako ja daga aljihu. Ya ɗiga ma guntun ruwa daga buta, ya ɗiga ma teburin, ya kara su. Launi ɗaya. Ya yi ta juya guntun har jijiyoyin katakon sunka fuskanci wuri guda da na teburin. Sannan ya ce, "To, bismillah."

Ni fa har lokacin ban ga yadda mai hannu guda za shi yi wanga aiki ba.

Ya miƙo mani kurfi, wato ƙarfen nan mai kaifi da ake sassaƙe katako da shi. Ya ce, "Sai an share ɓallin ya miƙe kafin a sa wani. Kai za ka riƙe, ni in buga."

Na dubi gudumar, na dubi yatsuna. Sallah ta matso, ɗinkin mutane jibge. Na ce, "Baba, yatsun ga fa da su nike ci."

Ya ce, "Ni ma da hannu biyu nike ci a da. Ga ni da guda, ban kwana da yunwa ba. Riƙe. Kada ka dubi guduma, bakin kurfi za ka duba."

Na riƙe. Ya ajiye gudumar, ya gyara mani riƙo, ya ɗan karkata ƙarfen, ya sake ɗauka. Tak. Tak. Tak. Wallahi jama'a, ko sau ɗaya bai kuskure ba. Bugun bai yi ƙarfi ba, bai yi sanyi ba. Katakon ya riƙa fita siriri-siriri kamar ana fere doya. Can na saki jiki. In ya ce "matsa", in matsa. In ya ce "kwanta da shi", in kwantar. Har ɓallin nan mai tsini ya koma gurbi mai kyau, bakinshi a miƙe.

Amma abin da ya sa na riƙe baki shi ne yankan guntun.

Ya zauna ƙasa, ya cire takalmi. Ya aza katakon bisa dutse, ya danne shi da yatsun ƙafarshi ta dama. Ya ɗauki zarto. Haƙoran zarton na wucewa dab da babban yatsanshi, ni na rufe ido, shi ko a jikinshi. Ya yanka, ya goga da magagari, ya miƙo mani in gwada a gurbin. Ya yi yawa. Ya karɓa ya sake gogawa. Ya miƙo. Haka munka yi ta yi, zufa na ɗiga daga gemunshi, leɓɓanshi sun bushe. Na ce ya huta sai an sha ruwa. Ya ce, "Katako bai san ana azumi ba."

Kafin la'asar guntun ya shiga gurbin da ɗan ƙara, "ƙas", ya zauna daram tun ba a sa gam ba.

Na ɗauko ƙusa. Ya ce, "A'a. Ƙusa za ta fito ta ci maka yadi wata rana." Ya shafa gam, ya sa ni na yanko roba daga tsohon tif na mashin, munka naɗe wurin tam. Ya ce kada wanda ya taɓa sai ya dawo.

Da ya dawo ya kwance robar, ya bi wurin da magagari, ya bi da samfefa. Garin katakon da ya zuba ya tattara ya kwaɓa da gam ya toshe 'yar kafar da ta rage. Daga ƙarshe ya shafa man kaɗe ya murza da tafin hannu har wurin ya yi ɗumi.

Sai ya miƙo mani wuƙa. Ya ce, "Saura tsagar rabin yadi. Wagga ba tawa ba ce. Hannun gidanku za shi yi ta."

Na auna, na tsaga. Ban san hawaye na zubo mani ba sai da na ga ɗigo bisa katakon.

Inna ta taso. Ta zare ɗan siririn mayafinta, irin wanda ko ƙaiƙayi ke kamawa, ta ja shi bisa bakin teburin daga wanga gefe har wancan. Ya wuce sulɓi. Ta sake ja. Sai ta ce, "Sannu, Malam. Allah shi biya." Ta shige gida.

Ba a jima ba munka ji luguden turmi daga ciki. Na san hannun Saratu, wanga ba nata ba ne. Inna ce ke dakan fura da kanta, karo na farko tun da munka baro gida. Da ita Baba Nomau ya buɗe baki ranar, a zaurena. Ya sha ya ce rabonshi da irin wagga fura tun matarshi na da rai.

Na tambaye shi mi za ni yi mashi. Ya ɗaga mataccen hannun nan da na dama ya sake shi, ya yi lilo. Ya ce, "Ka ga wanga? Shina bugun ƙofa, shina shiga miya. In za ka iya, ɗinka mani aljihu babba gaban riga in riƙa ajiye shi."

Na ɗinka mashi riga sabuwa da aljihun, na kai mashi da kaina ana gobe Sallah. Ranar na fara shiga inda suke zaune, ɗaki guda da rumfa a bayan gidan wani bawan Allah. Ba shi nan, ya tafi masallaci. Hajo ta shimfiɗa mani tabarma.

Ina zaune sai idona ya kai ga wani ƙyaure jingine da bango. Ƙyauren ɗaki ne na maɗaci, tsoho, da 'yan zane-zane a jiki, amma ba a kafe yake ko'ina ba. A kusurwarshi ta ƙasa an yanke guntu. Yankan sabo ne, ja wur.

Na tuna guntun nan da ya ciro daga aljihu.

Na ce, "Hajo, wanga fa?"

Ta ce, "Ƙyauren ɗakin innarmu ne. Shi ya yi shi da hannunshi shekarar da anka kawo ta. Ranar da munka gudu, ya ce ba ya hawa amalanke sai da shi. Bisa shi munka kwantar da shi har Isa. Gidan duk an ƙone bayanmu, wanga kaɗai ya rage." Ta share ido. "Ko kuɓewa bai yarda in shanya bisa shi ba. Ran nan na fito na iske ya danne shi da ƙafa shina yanka. Na fasa kuka. Ya ce in yi shiru, wani tela ne ke son zubar da hannun ubanshi."

Na zauna bisa tabarmar nan ina jiranshi.

Da ya dawo na durƙusa na ce, "Baba, don mi? Ga katako nan cike da kasuwa."

Ya ce, "Na kasuwa ɗanye ne. In ya bushe za shi janye ya bar maka kafa. Teburinka tsoho ne, sai tsoho ɗan'uwa nai." Ya zauna, ya sa hannun cikin sabon aljihun, ya ji daɗin shi. Sannan ya ce, "Kuma Lawali, ɗakin ya ƙone. Mai ɗakin tana inda ba ta buƙatar ƙyaure. Na yi ta kallon shi ina ciwo. Teburinka kuwa gida guda shike ciyarwa. To wane ya fi?"



Daga ranar ya koma aiki. Gindin dogonyaron nan ya zama wurin gyara. 'Yan gudun hijira irinmu kowa da ɓallinshi: kujerar tsuguno mai ƙafa uku, akwatin da marfi ya tsage, ƙotar fartanya. Duk wanda ya kawo, shi za shi riƙe kurfi, Baba shi buga. Na ga tsohuwa ta riƙe mashi, na ga liman ya riƙe mashi. Duk lokacin da na leƙa gidan kuma sai in ga ƙyauren ya ƙara raguwa. Hajo ta daina kuka, ta koma ita ke danne mashi.

Almakashina bai sake dakushewa ba muddin shina Isa. In ya biyo ta zaure sai ya ɗauka ya gwada a gefen ƙyalle, ya girgiza kai, ya tafi da shi. Kafin in nema ya dawo da kaifi.

Ranar da ɗana na fari ya kwanta zazzaɓi, shi ya zauna mani a shago wuni guda shina ba mutane haƙuri.

In Inna ta aika mashi fura, ƙwaryar ba ta dawowa haka nan. Ko goro ɗaya sai ya sa.

Bara mijin Hajo, wanda ke fataucin wake tsakanin kasuwanninmu da Nijar, ya samu gida a Sabon Birni ya kwashe su. Jikin Baba ya fara ƙi tun lokacin.

Ganina da shi na ƙarshe farkon daminar nan ne. Na je Sabon Birni sayen zare ranar kasuwa, na biya gidansu. Na iske shi kwance a rumfa, ya rame ƙwarai, magana sai ka kai kunne. Amma ya gane ni tun daga sallama. Ya tambayi Inna, ya tambayi Saratu da yara ɗaya bayan ɗaya.

Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta kawo ƙamshin ƙasa. Ya ja numfashi ya ce, "Yanzu can gida da an fita shuka."

Da na ce za ni tafi kada ruwa ya tare ni a hanya, sai ya ce in tashe shi zaune. Na tallabe shi. Ya ce, "Ɗaga mani wanga hannun. Na daɗe ban roƙi Allah da hannu biyu ba."

Na kama hannun nan mai sanyi na ɗaga shi daidai da ɗan'uwanshi, na buɗe tafin.

Ya yi ma matarshi addu'a. Ya yi ma mahaifina, wanda bai taɓa gani ba. Ya roƙa ma duk wanda ya baro gida Allah shi mai da shi gonarshi lafiya. Sai na ji ya ce, "Waɗanda sunka ƙone mana gidaje, ya Allah, su ma uwa ta haife su. Ka shirye su kafin su zo gabanka."

Amin ɗin nan ta yi mani nauyi, ba za ni ɓoye maku ba. Ya juyo ya dube ni, bai sauke hannu ba, shina jira.

Na ce, "Amin."

Ya ce, "Yauwa. Tashi ka tafi, ruwa na zuwa."

Maganarshi ta ƙarshe gare ni ke nan.

Na faɗa ma Inna ɗazu. Ta ce in nemo mota, ba mashin ba, don da ita za a je gaisuwa. In Allah ya kai mu gobe za mu kama hanya.

Ya Allah, ga bawanka Nomau ya zo gare ka. Ka gafarta mashi, ka yi mashi rahama, ka yalwata kabarinshi ka haskaka shi. Ciwon da ya sha da hijirar da ya yi, ka sa su zama kaffara. Ka ba shi gida a Aljanna Firdausi wanda babu mai korar shi daga ciki. Ka ba Hajo da 'yan'uwanta haƙuri. Ka kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir da ko'ina.

Ku da kunka karanta har nan, ba laik nike nema ba. Ku ɗan tsaya, ku ɗaga hannuwanku duka biyu tunda Allah ya bar maku su, ku ambaci sunan Baba Nomau ku roƙa mashi gafara. In kun je masallaci anjima, ku sake tunawa da shi.

Allah shi jiƙan shi. In tamu ta zo, shi sa mu cika da imani.